Wa Zai Ce A Saki Sabon Zubi? Kwatancin Tsari Huɗu Ga Masu Gina Buɗaɗɗiyar Manhaja

Muddin aiki yana hannun mutum biyu, tambayar wa zai ce a saki sabon zubi, wato sabuwar fitowar manhaja ga jama'a, ba ta tasowa. Ɗaya ya rubuta, ɗaya ya duba, a tura. Tana tasowa ne ranar da kuka kai takwas ko goma: wani yana Zoo Road, wani yana aji uku a Jami'ar Bayero, wani bautar ƙasa ta kai shi kudu, ga kuma mutanen da ba su san komai game da rubutun manhaja ba sun fara jingina lissafin kuɗinsu a kan abin da kuka gina.

Mu ma mun ɗanɗana. Ƙaramar manhajar littafin bashi muke yi wa wasu masu shaguna a Kantin Kwari, kuma tushenta, wato ainihin rubutun da aka gina ta da shi, a buɗe yake ga duk mai son gani ko gyarawa. Ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallah, kasuwa ta cika maƙil, ɗaya daga cikinmu ya gama wani gyara da daddare ya tambaya a WhatsApp ko a tura. Mutum biyar suka ɗaga masa babban yatsa. Babu ko ɗaya da ya sauke ya gwada. Gari na wayewa manhajar ta fara lissafa rabin turmin atamfa a matsayin cikakken turmi. Wani dattijo ya kira ni kafin Azahar, bai ɗaga murya ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, na tura wa mutum takardar bashin da bai ci ba. Da wane ido zan kalle shi?" Tun daga ranar na zauna na karanta yadda manyan ayyukan duniya suke yanke irin wannan shawara, kuma abin da na tattara shi ne wannan kwatancin.

Tambayoyi uku ne, ba ɗaya ba

Kafin a kai ga zaɓen tsari, a raba abubuwan da yawancinmu muke cuɗawa wuri guda. Na farko, wane gyara ne zai shiga cikin manhajar. Na biyu, yaushe za a fitar da sabon zubi. Na uku, wane ne zai tsaya ya ce na gwada wannan zubin da hannuna, na yarda ya je hannun jama'a. Ayyukan da suka daɗe duk sun raba waɗannan ukun, kowanne da mai ita. Rigimar da ake yi a ƙananan ƙungiyoyinmu galibi a kan ta farko ce, amma wadda take jawo asara ta ukun ce.

Ma'aunan da zan auna kowane tsari da su guda huɗu ne.

Tsada. Babu tsarin da ake saya da kuɗi, kuma GitHub, shafin intanet da ake ajiye tushen manhaja, ba ya karɓar ko sisi a kan aikin da yake a buɗe. Abin da ake biya lokaci ne, da data, da cajin kwamfuta, da haƙurin mutanen da babu mai ba su albashi.

Ƙarko. Idan wanda ya kafa aikin ya sami aiki a Abuja, ko ya yi aure hidima ta ƙaru, aikin zai ci gaba da numfashi?

Sauƙi. Mutum nawa tsarin yake buƙata kafin ya motsa, kuma sabon shiga zai gane shi a zama ɗaya?

Haɗari. Wace irin ɓarna ce ta fi kusa da shi: sakin gurɓataccen zubi, ko wani ya ƙwace aikin, ko a raba gari?

Tsari na ɗaya: jagora guda mai wuƙa da nama

Misalinsa mafi girma shi ne Linux, zuciyar manhajar da take tafiyar da kwamfuta. Linus Torvalds ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma har yau ba a kaɗa ƙuri'a kafin a fitar da sabon zubinsa. Ana buɗe ƙofar karɓar sababbin abubuwa na mako biyu. Daga nan a rufe, a shiga fitar da zubin gwaji mako-mako, yawanci ranar Lahadi, galibi har guda bakwai, wani lokaci takwas idan abubuwa ba su lafa ba. Idan shi Torvalds ya ga ƙura ta kwanta, sai ya saki. Duk zagayen yana cin mako tara zuwa goma.

Wanda ya kalli wannan daga nesa zai zaci mutum ɗaya ne yake duba komai. Ba haka ba ne. Masu rubutu fiye da dubu ne suke sa hannu a kowane zubi, kuma aikin yana hawa ne daki-daki kamar yadda magana take tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, kafin ta isa fada. Kowane ɓangare yana da mai kula da shi, kowane faci, wato gyara, yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi da na wanda ya karɓa ya miƙa gaba. Shi ya sa da Torvalds ya ɗauki hutu a Satumbar 2018, Greg Kroah-Hartman ya riƙe ragamar har aka fitar da zubi na 4.19 a watan Oktoba ba tare da aikin ya tsaya ba.

Ta fuskar tsada babu wanda ya kai shi araha. Ba a jiran kowa. Sauƙinsa ma a fili yake, domin mutum biyu sun isa. Inda yake da rauni shi ne ƙarko da haɗari, kuma a nan nake so masu kwaikwayonsa su tsaya su yi tunani, saboda abin da muke kwaikwaya a Kano yawanci sarkin ne kawai, babu hakiman.

Abin da ya faru da xz ya isa darasi. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil wadda kusan duk kwamfutar da ke aiki da Linux take ɗauke da ita, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya ne yake kula da ita a matsayin sa kai, har ya fito ya faɗi cewa ya gaji. Wani da yake amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana kawo gyare-gyare masu kyau, wasu sunaye kuma suna matsa wa mai aikin lamba cewa yana jan ƙafa, har aka ba shi ikon fitar da zubi. A farkon 2024 ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar shiga a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura cewa shiga kwamfuta daga nesa yana jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya bayyana abin ranar 29 ga Maris. Abin lura shi ne wani sashe na mugun rubutun yana cikin ƙunshin da aka fitar wa jama'a ne, ba ya cikin rumbun da kowa yake dubawa. Wato duba gyara ɗaya bayan ɗaya bai isa ba idan babu wanda ya buɗe ainihin ƙunshin da aka saki.

Ba na cewa wani zai yi shekara biyu yana fakon manhajar littafin bashi. Amma gajiyar jagora ɗaya, wannan kam kowa ya san ta.

Tsari na biyu: ƙuri'ar masu gwadawa

Wannan shi ne tsarin Gidauniyar Apache, wadda aka kafa a Amurka a 1999, kuma ɗaruruwan ayyuka irin su Kafka da Spark da Tomcat suke bi. A nan zan fi daɗewa, domin shi ne aka fi kwaikwaya a baki, aka fi ɓatawa a aikace.

Kowane aiki yana da kwamitin kula da shi, kuma ba a shiga kwamitin da tsufa ko da kuɗi. Waɗanda suke ciki su ne suke zaɓo wanda suka ga aikinsa ya daɗe yana kyau. Idan lokacin fitarwa ya yi, mutum ɗaya ya ɗauki nauyin haɗa zubin: ya tattara tushen, ya ƙunsa, ya sa masa hannu na sirri wanda ba a iya kwaikwaya, ya ajiye inda kowa zai sauke, sannan ya kira ƙuri'a. Amsa iri uku ce: +1 na yarda, 0 ba ni da ta cewa, -1 ban yarda ba. Ƙa'ida ita ce a bar ƙuri'ar a buɗe aƙalla awa 72, don wanda yake barci a Indiya lokacin da na Amurka yake aiki ya sami damarsa. Kowa yana iya jefawa, har mai amfani da manhajar kawai, amma ta 'yan kwamiti ce take ɗaurewa. Zubi ba ya fita sai ya sami +1 guda uku daga 'yan kwamiti, kuma masu yarda sun fi masu ƙi yawa.

Ga inda gizo ke saƙar. Ɗan kwamiti ba shi da izinin rubuta +1 sai ya sauke ƙunshin a kwamfutarsa, ya tantance sa hannun, ya gina manhajar daga tushe, ya gwada ta. Saboda haka +1 ɗinsu ba ra'ayi ba ne, shaida ce. Babban yatsa biyar da muka ɗaga a daren nan ba su kai darajar ƙuri'a ɗaya irin wannan ba.

Akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe da kyau. A kan gyaran da zai shiga cikin manhaja, -1 na ɗan kwamiti hawa kujerar na-ƙi ne: gyaran ya tsaya, kuma yawan masu goyon baya ba ya ture shi, sai shi mai ƙin ya janye. Amma dole ya kawo hujja ta fasaha, misali cewa gyaran zai buɗe ɓaraka ko zai rage sauri. Ƙin da babu hujja ba ya aiki. A kan fitar da zubi kuwa babu kujerar na-ƙi, rinjaye ne. Hikimar ita ce kada mutum ɗaya ya riƙe wa jama'a zubi saboda fushin da ya kwaso daga wata muhawara. A aikace, idan wani ya nuna matsala ta gaske, mai haɗa zubin yakan soke ƙuri'ar da kansa, a gyara, a sake kira.

Ƙananan abubuwa kuma ba a kiran ƙuri'a a kansu. Mutum ya rubuta cewa zan yi kaza nan da kwana uku idan babu mai ja, in an yi shiru ya yi. Shiru ma magana ce, amma da sharaɗin an faɗi abin a inda kowa zai gani. Mutanen Apache suna riƙe da cewa shawarar da ba a rubuta ta a bainar 'yan aikin ba, kamar ba a yi ta ba ce. Wannan ya taɓa mu kai tsaye, mu da muke yanke rabin shawarwarinmu a teburin mai shayi, sauran rabin a saƙon murya na minti shida wanda ba mai iya nemo shi bayan wata biyu.

Tsadarsa ta gaske ce. Kowane zubi yana cin kwana uku na jira, da yammacin mutum uku, da datarsu. Idan unguwa ta kwana biyu babu wuta, ƙuri'a tana iya rufewa da +1 biyu kacal. Ƙarkonsa kuwa shi ne mafi kyau ga ƙungiya matsakaiciya, domin ikon yana jikin kwamiti, ba ya jikin mutum. Sai dai yana da iyaka: aikin da ya kasa tara mutum uku masu motsi ba ya iya fitar da komai, kuma Apache tana da wurin da take jingine ayyukan da suka kai wannan hali. Ku ƙirga da gaskiya. Ba sunayen da ke cikin rukuninku na WhatsApp ba, mutanen da za su buɗe kwamfuta ranar Talata da daddare. Idan ba su kai biyar ba, uku za su riƙa gagarar ku.

Kada kuma a ɗauka ƙuri'a tana maganin kowace cuta. Log4j, manhajar da wasu manhajoji suke amfani da ita wajen rubuta bayanan abin da ke faruwa a cikinsu, aikin Apache ne, zubinsa da ƙuri'a suke fita, amma ɓarakar da ta girgiza duniya a Disambar 2021 ta shiga tun 2013 tana zaune ba a gani ba, kuma sai da aka fitar da zubi huɗu cikin wata guda kafin a toshe ta da sauran matsalolin da aka gano a bayanta. Ƙuri'a tana tabbatar da cewa abin da aka saki shi ne abin da aka duba, kuma yana aiki. Ba ta gano kuskuren da babu wanda ya yi tunanin nemansa.

Tsari na uku: zaɓaɓɓiyar majalisa

Python, harshen rubuta manhaja, ta yi kusan shekara talatin a ƙarƙashin wanda ya ƙirƙire ta, Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan. A Yulin 2018, bayan zazzafar muhawara a kan shawara mai lamba 572, wadda ta kawo alamar := cikin harshen, ya sauka daga kujerarsa bai naɗa magaji ba. Sai da manyan masu aikin suka yi watanni suna tsara yadda za su mulki kansu, suka zaɓi tsarin majalisa mai mutum biyar, aka zaɓi ta farko a farkon 2019. Ana sabunta zaɓen a kai a kai, kuma doka ta hana fiye da mutum biyu daga kamfani ɗaya su zauna a cikinta.

Abin da ya fi burge ni a nan ba majalisar ba ce, takardar shawarar ce. Duk wanda yake son babban canji sai ya rubuta: mene ne matsalar, me yake so a yi, me zai lalace a tsofaffin ayyuka, da kuma hanyoyin da aka duba aka ƙi, da dalilin ƙin su. Wannan sashe na ƙarshe yana kashe maimaita gardama. Sabon shiga ya zo da tunanin da aka tattauna shekara uku da suka wuce, a miƙa masa takardar. Majalisa tana karɓa ko ta ƙi, ko ta wakilta masanin fannin ya yanke. Fitar da zubi kuma ba aikinta ba ne. Akwai mai kula da fitarwa, kuma tun daga zubi na 3.9 a 2020 sabon babban zubi yana fita duk Oktoba.

Tsada matsakaiciya ce, amma rubutu ne da yawa, kuma ba kowane gwanin manhaja ne yake son zama ya rubuta shafi uku na hujja ba. Ƙarko mai kyau ne. Sauƙi kuwa ya dogara da yawanku: zaɓen mutum biyar daga cikin bakwai wasan yara ne. Haɗarinsa a wurinmu sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a ƙungiyar unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai: zaɓe yana jawo ɓangaranci, wanda ya faɗi ya yi zuciya ya daina zuwa, kuma kunya tana sa a zaɓi babban yaya ko malamin da ya koyar da kowa ko da ya daina taɓa aikin.

Tsari na huɗu: kundin tsarin mulki da ƙuri'ar kowa

Debian, manhajar tafiyar da kwamfuta da aka gina a kan Linux, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana da rubutaccen kundin tsarin mulki tun 1998. Mambobinta, kimanin dubu, suna zaɓen shugaba duk shekara, akwai kwamitin fasaha mai raba gardama, kuma kowane mamba yana iya kawo ƙuduri gaban kowa idan ya sami masu mara masa baya. Ba a cewa e ko a'a kawai. Ana jera zaɓuɓɓuka ne daga wanda aka fi so zuwa wanda aka fi ƙi, a lissafa wanda ya doke kowanne idan aka gwada su biyu-biyu. Canza manyan takardun tushe yana buƙatar rinjayen uku bisa ɗaya.

Mutane da yawa ba su san cewa duk da wannan, Debian ba ta kaɗa ƙuri'a a kan fitar da zubi ba. Tawagar fitarwa ce take daskarar da shigar sababbin abubuwa, a yi ta kashe manyan kurakurai har su ragu, sannan ta sa rana. Zubi na 11 ya fita a Agustan 2021, na 12 a Yunin 2023, na 13 a Agustan 2025. Ƙuri'ar kowa ta manyan tambayoyin aƙida ce. A 2022 sun kaɗa ta a kan ko faifan girkawa na hukuma zai ɗauki ƙananan manhajojin na'ura waɗanda tushensu a rufe yake, aka amince. Duk wanda ya taɓa sayen kwamfutar hannu ta gwanjo a Beirut Road ya girka Debian ya tarar Wi-Fi ba ya aiki, ya san amfanin wannan ƙuri'ar a jikinsa.

Tsadarsa ita ce mafi yawa, makonni na muhawara da makonni na zaɓe. Ƙarkonsa ba a magana, shekara talatin da ɗoriya shaida ce. Amma bai hana rabuwa ba: a 2014 kwamitin fasaha ya rabu huɗu da huɗu a kan systemd, manhajar da take tayar da sauran manhajoji idan an kunna kwamfuta, shugaban kwamitin ya raba gardama da ƙuri'arsa, kuma kafin shekarar ta ƙare wasu suka ɓalle suka kafa Devuan. Ga ƙungiyar mutum goma, wannan riga ce da ta fi ƙarfin wuya.

Kalanda: ƙari ne, ba kishiya ba

Ubuntu, wadda aka gina a kan Debian, tana fita duk Afrilu da Oktoba, lambar zubin ma shekara ce da wata, kamar 24.04. Rust, wani harshen rubuta manhaja, tana fita duk mako shida tun 2015. Abin da bai shirya ba ya jira mota ta gaba. Wannan yana amsa tambayar "yaushe" ne kawai, don haka ana iya ɗora shi a kan kowanne daga cikin huɗun, kuma yana kashe matsin nan na "a jira ni in gama nawa". Ku dai zana kalandar da idon garinku: goman ƙarshe na azumi da makon Sallah ba lokacin taɓa manhajar ɗan kasuwa ba ne, lokacin jarrabawa rabin masu gwajinku ba sa nan, idan kuma 'yan Dawanau kuke yi wa aiki, kaka ce lokacin da ba sa son ganin sabon abu.

| Tsari | Mai cewa a saki | Mutanen da yake buƙata | Tsada | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Jagora guda | Jagoran | Biyu sun isa | Kaɗan | Rauni, sai da mataimaka | Gajiya, ko wani ya gaje aikin da mugun nufi |
| Ƙuri'ar masu gwadawa | 'Yan kwamiti uku da suka gwada | Biyar masu motsi zuwa sama | Kwana uku da aikin mutum uku a kowane zubi | Mai ƙarfi | A rasa cikon na uku, ko +1 na kunya |
| Zaɓaɓɓiyar majalisa | Mai kula da fitarwa | Gwammai | Rubutu da zaɓe | Mai ƙarfi | Ɓangaranci |
| Kundi da ƙuri'ar kowa | Tawagar fitarwa | Ɗaruruwa | Mai yawa | Mafi daɗewa | Jinkiri da ɓallewa |

Kalmar "+1 na kunya" da ke cikin jadawalin tana buƙatar bayani, domin ita ce cutar da ta fi kama mu. Tarbiyyarmu ba ta son ƙarami ya ce wa babba bai yi daidai ba a gaban mutane. Yaro ɗan aji biyu zai ga kuskure a aikin wanda ya koya masa rubutun manhaja, ya haɗiye, ya rubuta +1. Maganin da na ga yana aiki shi ne a sauya siffar ƙuri'ar. Kada a tambayi mutum ko ya yarda. A ce ya rubuta wayar da ya gwada a kai, da abubuwan da ya gwada, da abin da ya gani. "Yaya, na shigar da rabin turmi a Tecno ɗina, ya ba ni kuɗin turmi guda" ba rashin kunya ba ne, rahoto ne, kuma babu babban da zai ji an ci masa fuska da shi.

Wanne ya dace da wa

Idan ku biyu ne zuwa huɗu, kuma manhajar ba ta taɓa kuɗin kowa ko lafiyarsa ba, ku bar wa jagora guda. Kada ku wahalar da kanku da ƙuri'ar da ba za ta cika ba. Sharaɗi biyu kawai: mutum na biyu ya riƙe mabuɗan rumbun da na wurin fitarwa tun yau, kuma wanda ya rubuta gyara kada ya zama shi kaɗai ya gwada ƙunshin kafin a saki.

Idan kun kai biyar zuwa goma sha biyar, ko kuma manhajarku tana riƙe da lissafin bashi, ko kuɗin adashi, ko sakamakon ɗalibai, ko bayanan marasa lafiya a ƙaramin asibiti, tsarin Apache ne naku, ko da ku shida ne. Jinkirin kwana uku ya fi kiran da na amsa kafin Azahar ɗin nan sauƙi nesa ba kusa ba. Ku tanadi hanyar gaggawa a rubuce don ranar da aka gano ɓaraka: a rage awannin jira, amma kada a rage yawan masu gwadawa.

Idan kun haura ashirin, ko wanda ya kafa aikin yana shirin tafiya, ko gardamar alkibla ta fara cinye lokacin aiki, ku kafa majalisa ta mutum uku ko biyar, ku ɗauki dokar nan ta hana kamfani ɗaya mamaye kujeru, musamman idan wani mai kuɗi ya fara ɗaukar nauyin wasunku. Ku yi haka tun jagoran yana nan ana ga-maciji, ba bayan ya yi fushi ba. Majalisar ta riƙe alkibla, fitarwa kuma ta ci gaba da bin ƙuri'ar masu gwadawa.

Tsarin Debian sai aikin da ya zama na jama'a da gaske, misali ƙamus ko ma'adanar kalmomin fasaha ta Hausa wadda mutanen Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram duk suke da haƙƙi a kanta, inda tambayar ba ta fasaha ba ce kawai, ta wace kalma ce za ta zama ta kowa. A can jera zaɓi daga na farko zuwa na ƙarshe ya fi e ko a'a adalci. Ko a can ma, a bar wa ƙaramar tawaga ranar fitarwa.

Mu dai mun tsaya a na biyu, muka ɗora masa kalanda. Jagoranmu yana nan, shi yake raba gardamar abin da zai shiga. Zubi yana fita sau ɗaya a wata biyu, ba ya fita daga ashirin ga azumi har a gama hawan Sallah. Ana kiran ƙuri'a ranar Litinin bayan La'asar a shafin aikin na GitHub, da Hausa ko da Turanci, duk wanda mutum ya fi sakewa da shi, WhatsApp kuma na tunatarwa ne kawai. Ana rufewa Alhamis, don kada gyaran gaggawa ya faɗo ranar Juma'a. Cikin ukun da muke jira, ɗaya dole ta fito daga yaron shagon dattijon nan, wanda muka sa a kwamiti bara. Ba ya rubuta manhaja, ɗayanmu ne yake gina masa ita daga ƙunshin da aka sa wa hannu ya ɗora a wayarsa, shi kuma ya shigar da cinikin jiya gaba ɗaya ya gwada da littafinsa na takarda. Sau biyu ke nan yana dawo mana da zubi.